Yadda Za a Hana Sharar Gida Shiga Kwata Tun Kafin Damina Ta Kankama

Da zarar hadari ya haɗo a unguwanninmu, kafin ɗigon farko ya sauka, za ka ga yara suna fitowa daga gidaje da bokitai da tsofaffin kwanuka cike da shara, suna juyewa a kwata. Hujjar da manya ke bayarwa ɗaya ce: ruwa zai tafi da ita. Ruwan yana ɗaukarta, gaskiya ne, amma yakan ajiye rabinta a kwalbatin farko da ya tarar, sauran kuma ya kai wa mutanen da ke gangare.

A birnin Kano ana iya bin sawun wannan ruwa da ƙafa. Kwatocin unguwanni da yawa na cikin birni da Fagge da Sabon Gari suna zubawa ne a rafin Jakara. Jakara ta nausa arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, sannan ta faɗa madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a shekarun 1970. A gefen wannan rafi masu lambu ke jan ruwa suna ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo, a madatsar kuma masunta ke kamun kifi. Tsakanin rariyar gidanka da lambun nan babu wata matatar ruwa. Abin da ka zuba a kwata yau, wani zai taka shi, wani zai shayar da dabba da shi, wataƙila ma ya dawo maka a farantin kwaɗo. An haƙa kwata ne don ruwan sama kawai, kuma duk matakan da ke ƙasa suna komawa ga wannan magana.

Fara da sanin abin da gidanku ke fitarwa

Ku tara sharar gida ta kwana biyu ko uku, ku zazzage ta a kan tsohon buhu a tsakar gida, ku dube ta da kyau. Yawancin gidaje za su tarar mafi nauyinta ƙasa ce da toka da aka sharo, sai ɓawon albasa da na doya da ragowar abinci, sai kashin awaki da na kaji idan ana kiwo. Leda da roba su suka fi cika ido, amma ba su da nauyi. Abin da ya zama dole ya fita daga gida a matsayin shara kaɗan ne ƙwarai, kuma gidan da ya gane haka ya yi rabin aikin.

Ba sai an sayi kwandon shara mai tsada ba. Tsohon bokitin fenti mai murfi ya isa ga ragowar abinci. Buhun shinkafa guda biyu, a rataye a ƙusa inda akuya ba za ta kai ba, ɗaya na leda da roba, ɗaya na abin da ba shi da sauran amfani. Rabin durom ko tsohuwar randa da ta tsage kuma ta ɗauki toka da ƙasa. A ajiye su inda ruwan indararo ba ya sauka, domin shara in ta jiƙe nauyinta ya ninku, warinta ya tashi, daga nan ne ake neman hanyar rabuwa da ita ko ta halin ƙaƙa.

Ragowar abinci, toka da ƙasa

Ƙanzo da guntun tuwo da dussa abincin dabbobi ne. In ba ku kiwo, akwai maƙwabciyar da ke kiwo, za ta karɓa da godiya. Ɓawon kayan miya da ganyen da ya bushe da kashin dabbobi kuwa taki ne. A haƙa rami a lungun gida, zurfinsa kamar kamu biyu, a riƙa zuba su ana yayyafa toka da 'yar ƙasa a kai don ƙuda da wari, a ɗan jiƙa shi da ruwan wanke kayan miya idan ya bushe, a juya shi da shebur duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari. Kada a saka nama ko ƙashi ko mai a ramin, ɓeraye suke kirawa.

Wannan ba sabon abu ne a ƙasar Kano ba. Tun zamanin kakanni jakuna ke shigowa birni da itace, su fita da mangala cike da takin juji zuwa gonakin karkara. Har yanzu manoma na neman wannan taki gab da damina. Abin da ya ɓata cinikin shi ne leda da fasassun kwalabe da suka cakuɗe da shi. Gidan da ya ware tokarsa da ƙasarsa tsaf ba zai rasa mai ɗauka ba.

Ƙasar shara ita ce mutane suka fi rainawa. Mai shara da safe ta tattaro ƙurar ƙofar gida, ta tura ta da tsintsiya cikin kwata, tana ganin ai ƙasa ce ta koma ƙasa. Ita wannan ƙasa ba ta tafiya, kwanciya take yi a gindin kwata, kullum kaɗan-kaɗan, har kwatar da aka gina da zurfin gwiwa ta koma iya idon sawu. Leda tana toshe baki, ƙasa tana cinye ciki. A kwashe ta da abin kwasar shara a zuba a durom, ko a cike wani rami da ita a layi. Haka yashin gini da ɓaraguzai: wanda ya sa tifa ta juye masa yashi a bakin kwata, ya tare gefensa da bulo, ya kuma kwashe ragowar ranar da magina suka tashi.

Leda, roba da famfas

Ledar fiya wata ita ce uwar matsala, don ba ta ruɓewa a cikin shekara ɗaya ko goma, kuma in ta cika da laka sai ta zama tamkar bulo a bakin kwalbati. A koya wa kowa a gida, daga maigida har autan yara, cewa in an sha ruwa a matse ledar a jefa a buhunta. Robobin lemo da na ruwa a wanke su. Masu zoɓo da kunun aya da masu man gyaɗa suna saye, waɗanda suka lotse kuma 'yan jari-bola na auna su a kilo, tare da gwangwani da tsohon ƙarfe da fasassun bokitai da silifas. Kuɗin ba yawa, amma in aka bar wa yara shi, su da kansu za su riƙa tsintar robar da ke yawo a tsakar gida.

Rage shigowar ledar ya fi tara ta sauƙi. Mai zuwa cefane ya tafi da jaka ko kwando. Yaron da aka aika sayen koko ko awara ya tafi da kwano mai murfi. Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka: Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas ma ta hana farar robar zuba abinci mai kama da soso a farkon 2024. Doka na taimakawa, amma a ganina ba sai gida ya jira ta ba.

Kada a ƙona leda a tsakar gida ko a hura wutar gawayi da ita. Hayaƙinta guba ne ga huhu, musamman ga jarirai da masu asma.

Famfas da audugar mata su ne abin da ake jin nauyin magana a kai, kuma su suka fi saurin toshe kwata, domin abin da ke cikinsu yana shan ruwa ya kumbura. Mata da yawa na jefa su a kwata da dare saboda kunya, ko saboda tsoron kada wani ya tsinta ya yi mugun abu da su. Wannan damuwa ce ta gaske, bai kamata a yi mata dariya ba. Hanyar da ta fi ita ce a zubar da kashin a masai, a naɗe famfas ɗin a liƙe da mannensa, a saka a baƙar leda a ƙulle, a ajiye a buhun da ke da rufi har ranar kwashe shara. Kada kuma a jefa shi a masai mai ruwa, bututun zai toshe.

Rariya: inda aikin gaske yake

Kowane gida na da wannan ƙaramar kafa a gindin katanga inda ruwan wanke-wanke da na wanka ke fita waje. Duƙa ka leƙa ta. Za ka ga ƙwayoyin shinkafa da suka kumbura, gashin kitso, guntun soson ƙarfe, ledar magi, da wani farin maiƙo da ya daskare a gefe. Duk abin da ya wuce nan ya fita daga hannunka. Saboda haka a nan za a tare shi.

Na farko, a sa raga. A sayi guntun wayar kejin kaji da guntun ragar taga, a haɗa su biyu, mai manyan ido a gaba, mai ƙanana a baya. Mai walda zai yi musu ɗan firam na rodi da za a riƙa zarewa ana mayarwa. Kada a kafe ragar da siminti, domin kullum da yamma sai an zare ta an kakkaɓe a bokitin shara. Ragar da ba a kakkaɓewa cikin kwana biyu za ta toshe, ruwa ya kwanta a tsakar gida, ran uwar gida ya ɓaci ta cire ta gaba ɗaya.

Na biyu, a sa birkila ya yi ɗan rami mai kusurwa huɗu gab da rariyar ta ciki, faɗi da zurfi kamar kamu ɗaya, a shafe shi da siminti, bakin fitar ruwan ya kasance a sama. Ruwa in ya shigo zai ɗan tsaya, yashi da tsakin abinci su nutse, ruwan da ya tace ya wuce. A rufe shi da marfin ƙarfe saboda yara da sauro, a kwashe shi sau ɗaya a mako.

Na uku, a kankare kwanuka kafin a wanke. Man suya da ya gama aiki a bar shi ya huce, a ɗura a roba a rufe, a saka a shara. Masu sana'ar abinci a gida, masu awara da masu ƙosai da masu markaɗe, su suka fi bukatar wannan, don ruwan da suke zubarwa ya ninka na sauran gidaje.

In gidan yana da fili, ya fi kyau ruwan wanka da na wanki kada ma ya fita. A haƙa rami mita ɗaya faɗi, mita ɗaya da rabi zurfi, a cika shi da fasassun bulo da duwatsu, manya a ƙasa, tsakuwa a sama, a kai bututu ciki a rufe. Ƙasa za ta shanye ruwan. A nisanta shi da gindin katanga, musamman ginin ƙasa, kuma kada a yi shi kusa da rijiya. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiyar sha da masai ko ramin ƙazanta. Inda ƙasa taɓo ce ko ruwa ke kusa da sama, wannan rami ba zai yi aiki ba, a tsaya ga raga da ƙaramin ramin tace yashi.

Akwai abin da ba shi da uzuri ko kaɗan: haɗa bututun masai da kwata, ko buɗe sokawe cikin dare lokacin da ake ruwa. Ta wannan hanya ce amai da gudawa da taifot ke shiga rijiyoyi da fasassun bututun famfo da suka ratsa ta cikin kwata. In sokawe ya cika a kira motar zuƙe masai. Hadisi ya yi gargaɗi kan yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, kuma wanda ya saki masai a kwata ya haɗa biyun farko a lokaci guda.

Abubuwan da ko ɗigonsu bai kamata ya shiga ba

Baƙin man janareta da na babur, ragowar fenti, fiya-fiya da maganin feshin gona, ruwan batir, ruwan rini, da magungunan da suka lalace. Waɗannan ba sa toshe kwata, shi ya sa ba a damu da su ba, amma su ne ke kashe kifi su shiga ƙasar lambu. Baƙin mai a ɗura shi a jarka a kai wa bakanike, akwai masu saye. Tsohon batirin mota ko na sola a mayar wa masu sayar da batir, suna karɓa su rage kuɗin sabo. Magunguna a bar su a kwalinsu a tambayi mai kemis ko asibitin unguwa yadda za a yi da su. Jarkar maganin feshi kada a wanke ta a bakin kwata, kada kuma a mayar da ita ta ruwan sha.

Ranar Babbar Sallah a haƙa rami tun kafin yanka. Jini da kashin tumbi su shiga ramin a rufe da ƙasa da toka. Layin da gida ashirin suka wanke kayan ciki a kwata ɗaya ya san warin da ke biyo baya har mako guda.

Wa ke fitar da sharar, ina kuma yake kai ta?

Nan ne gidaje masu tsafta da yawa ke faɗuwa. An share gida fes, an ƙulle shara, an miƙa wa yaro ko almajiri an ce ya kai bola. Bola na da nisa, kaya na da nauyi, kwata kuma ga ta a bakin lungu. Ba laifin yaron ba ne shi kaɗai. Babba ya taka da ƙafarsa ya ga inda wurin tara shara yake, ya auna ko yaro zai iya kai kaya can. In da nisa, gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi su ɗauki mai kura ko mai baro da zai riƙa zuwa ranaku sanannu, a kuma bi shi sau ɗaya a tabbatar ba a wani kududdufi yake juyewa ba. A Kano hukumar REMASAB ce ke da alhakin kwashe shara daga wuraren tarawa, sauran jihohi ma kowace da tata hukumar. Mai unguwa ya san wurin da aka amince a zuba.

Yashe kwatar layi

Ko an gyara cikin gida, iska na kawo leda, don haka sai an yi yasa. Lokacinta watan Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwan farko, sannan a maimaita a ƙarshen Yuli, domin ruwan Agusta ne mafi ƙarfi a ƙasar Hausa. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli da safe a Kano ta dace da wannan aiki, tunda kowa na gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in kai kaɗai ka yashe gabanka, gidan sama da na ƙasa ba su yi ba, wurin da ka yashe ne zai zama matattarar ruwa. A sanar a masallaci bayan sallar Isha, a yi aikin gayya.

A tanadi shebur, manjagara, diga, baro, safar hannu mai kauri, takalmin ruwa da takunkumi. A cikin laka akwai fasassun kwalabe da reza da allurai, kada kowa ya shiga da silifas, kada kuma a sa ƙananan yara. A fara daga gangare, inda ruwa ke fita, a riƙa hawowa sama, ta haka ruwan da ya kwanta zai riƙa samun hanya yana tsiyayewa. Kwalbatin da ke ƙarƙashin titi a zaƙulo shi da dogon rodi mai ƙugiya. Kada wani ya kutsa cikin rufaffiyar kwata ko sokawe, iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara dagwalon a bakin kwata a tafi. Kwana uku kaji sun tone shi, babura sun baza shi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Kafin a sa shebur ɗin farko a san wanda zai kwashe da lokacin da zai zo. A bar lakar ta tsane yini ɗaya don ta yi sauƙin ɗauka, washegari a kwashe. Wanda ya yanke a wurin aiki ya wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsafta, ya je asibiti a duba ko yana bukatar allurar tetanus.

Masu shago da suka rufe kwatar gabansu da siminti, a roƙe su su mayar da shi silab mai ɗaguwa, ko su bar ƙofa duk bayan 'yan taku. Kwatar da ba a iya buɗewa ba a iya yashe ta.

Kada a ɗauka abin ya tsaya ga wari da ƙazanta. Sauro na kammala girma daga ƙwai cikin mako ɗaya zuwa kwana goma a lokacin zafi. Mai yawan kuka a kunne da dare yana son baƙin ruwan kwata, mai kawo zazzaɓi kuma ya fi son ruwan saman da ya malalo ya kwanta a gefen hanya bayan kwata ta toshe. A Accra ta ƙasar Ghana, inda babbar kwatar unguwar Nima ke zubawa a rafin Odaw, ambaliyar ranar 3 ga Yuni 2015 ta haɗu da gobara a wani gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu, kuma magudanan da shara ta toshe na cikin abubuwan da aka ɗora wa alhakin tumbatsar ruwan.

In maƙwabci ne ke zubawa

Faɗa a bakin ƙofa ba ya gyara komai. Mace ta shiga wurin 'yar'uwarta mace, ta yi sallama, a gaisa, sannan ta ce: "Maman Abba, mun samu mai kura yana zuwa Litinin da Alhamis, ko za ku shigo mu haɗa kuɗin? Ruwan nan in ya toshe gidanku yake fara shiga kafin namu." Dattijo kuma a same shi a keɓe: "Baba, don Allah a ja wa yara kunne kan kwatar nan, mu ma muna ja wa namu." Yawancin mutane rashin wurin zubawa ne ya sa su, in aka nuna musu hanya za su bi. Wanda ya ƙi ji bayan an yi masa magana sau biyu ko uku, a kai batun ga mai unguwa, shi ya san yadda zai haɗa shi da duba-gari na ƙaramar hukuma.

Bayan kowane babban ruwa, wani ya zaga da manjagara ya duba bakin kwalbatoci, ya janye abin da ya tokare tun yana sabo. In babbar magudanar gwamnati ce ta cika ko ta rushe, wannan ya fi ƙarfin shebur. A ɗauki hotonta, a rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da mazauna layin, a kai wa kansila da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi ɗaya don bibiya.